Rakiyar Baba

Likitan bai ce Baba zai mutu ba. Cewa ya yi kemo, wato maganin yaƙar ciwon daji, ba zai ƙara masa komai ba sai wahala. Ya juyo mini fuskar kwamfuta, ya bi hoton hanta da bakin biro, tabo-tabo baƙaƙe sun fi a ƙirga. Ciwon dajin da aka yanke masa a hanji shekara biyu da suka wuce, shi ne ya sake tsirowa a can. Na ce saura kwana nawa? Ya ce rai na Allah ne, amma in a lissafinsu ne, a yi maganar makonni, in an yi tsawo 'yan watanni. Sai ya rubuta wata 'yar takarda, ya ce in kai wa masu kulawar sassauci, waɗanda su likitoci ke kira faliyatif.

Na ninke takardar na jefa aljihu, ta kwana shida a can. Abin da kunnena ya ji shi ne: mun sallame ku, ku je gida ku jira. Ni kuwa ɗan dattijon ikilisiya ne. Baba ya fi shekara ashirin yana zaga gidajen marasa lafiya da Littafi Mai Tsarki a hammata, kuma na sha jin sa yana cewa mai bi ba ya furta mutuwa da bakinsa. To ta ina zan fara? Muka haɗa baki ni da Mama da ƙanwata, muka ce masa likita ya ba da hutu ne don jiki ya murmure. Ya ce to, madalla.

Dare na shida ne ya fito da takardar. Baba mutum ne da ko ƙusa ya taka ba za ka ji wash ba. Wajen ƙarfe uku na leƙa ɗakinsa, na tarar da shi durƙushe a bakin gado. Na ɗauka addu'a yake, har na juya zan fita. Ashe cikinsa ya danne da gefen katifa, ya cusa zanen gado a baki don kada Mama ta ji nishinsa. Na ce, "Baba, sannu." Da ƙyar ya ɗago, gumi na zuba. Ya ce, "Sau uku ina fara Addu'ar Ubangiji, ban kai ƙarshe ba."

Gari na wayewa na kai takardar.

Wata nas ce ta zo gida, babbar mace, kowa Sista yake ce mata. Na yi tsammanin za ta auna jini ta rubuta magani ta tafi. Ta yi kusan awa ɗaya da rabi zaune a kan kujera dab da gadonsa. Ina ne ke ciwon, ya nuna da yatsa ɗaya ko sai da tafin hannu? Suka yake ko murɗa ko ƙuna? In sifili babu ciwo, goma kuma ciwon da ya fi kowanne, yau a ina yake? Baba ya ce huɗu. Sista ta dube shi, ta dubi yadda ya damƙe ƙarfen gado, ta ce, "Baba, ni ba baƙuwa ba ce, ba sai an yi mini kara ba." Ya yi shiru, sannan ya ce tara. Ta tambayi barcinsa, ta tambayi bayan gida, ta tambayi wa ke kwana da shi, har ta tambayi abin da ya fi damunsa a cikin dukan wannan. Ya ce rashin zuwa sujada. Ta rubuta wannan ma a takardarta, a layi ɗaya da amai da kumburin ciki.

Da na raka ta ƙofa ta ce, "Ya sani?" Na ce a'a, kuma muna roƙon kada a faɗa masa. Ta ce ita ba za ta ɗora masa maganar da bai nema ba, amma ranar da ya tambaye ta kai tsaye ba za ta yi masa ƙarya ba. Ta ƙara da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ji haushinta a ranar.

Maganin da ta kawo mofin ne na ruwa, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, a kwalba, da ƙaramin sirinji marar allura na aunawa. Ta yi mana bayanin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986, wanda suke kira tsani mai hawa uku: farasitamol da danginsa a ƙasa, irin su kodin da tiramadol a tsakiya, mofin a sama. Baba ya riga ya wuce hawa biyun farko ba tare da mun lura ba. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki, kuma agogo ake bi, ba a jira sai ciwo ya taso. Miligiram 5 duk bayan awa huɗu: shida, goma, biyu, shida, goma, biyun dare. In ciwo ya ɓallo a tsakani, a ba shi ƙarin kashi ɗaya daidai da wancan, a rubuta. Ta sa na samo littafin rubutu, ta ja layuka da kanta: lokaci, yawan da aka ba shi, lambar ciwo, bayan gida. Daga wannan littafin za ta san ko za ta ƙara ko ta bar shi yadda yake. Ta haɗa da maganin sassauta ciki, ta ce wannan ba zaɓi ba ne, duk mai shan mofin cikinsa na ɗaurewa, kuma jiki ba ya sabawa da wannan ɓangaren. Gyangyaɗi da tashin zuciya kuwa na kwana biyu ne ko uku, za su lafa.

Mama ta riƙe kwalbar kamar ta riƙe maciji. Ta ce, "Sista, ba shi ne wanda ake ba mutum in an gaji da shi ba?" Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce mutane suna ganin an ba wani mofin yau ya rasu jibi, sai su ɗora wa maganin laifi, alhali an makara ne ba a ba shi ba sai da ajali ya iso ƙofa. In an fara da kaɗan, ana ƙarawa gwargwadon ciwo, ba ya gajarta kwana. Ita 'yar Katolika ce, sai ta ƙara da cewa tun 1957 likitocin da ke sa barci a ɗakin tiyata suka kai wa Fafaroma Pius na 12 irin wannan tambayar, ya ce ya halatta a kashe wa mai mutuwa ciwo muddin nufin sauƙi ne ba kisa ba. Mama ta ce mu ba mu da Fafaroma, amma ta ajiye kwalbar a kan tebur.

Wanda ya ƙi shi ne Baba. Na auna, na kai bakinsa, ya kau da kai. Ya ce in buɗe Markus 15:23. Na buɗe: a Golgota an miƙa wa Yesu ruwan inabi gauraye da mur, abin da ke dusashe azaba, bai karɓa ba. Baba ya ce, "Ubangijina ya ƙi, ni wane ne?" Ba ni da amsa. Na kira Fasto.

Fastonmu sa'an ɗan Baba ne, Baba na cikin dattawan da suka karɓe shi ranar da ya zo ikilisiyarmu, don haka na san ba zai iya yi masa wa'azi ba. Bai ma gwada ba. Ya zauna a ƙasa kusa da gado, ya sa Baba ya sake faɗin hujjarsa tun daga farko, yana gyaɗa kai. Can ya ce, "Baba, ƙoƙon da ya sha a ranar nan, na wane ne?" Baba ya ce namu ne. Fasto ya ce, "To naka ciwon, wa kake fansa da shi?" Shiru. Sai ya buɗe Yohanna 19, inda Yesu ya ce yana jin ƙishirwa, aka kai soso bakinsa, ya kuwa karɓa. Ya buɗe Karin Magana 31:6, inda aka ce a ba wanda ke bakin halaka abin sha mai ƙarfi. Ya rufe littafin ya ce, "Ɗanka ya ce ba ka iya kai Addu'ar Ubangiji ƙarshe. Ni ita nake so a dawo maka da ita."

Baba ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya buɗe baki kamar yaro.

Kwana biyu ya yi yana barci kamar wanda ake bin sa bashin barcin wata guda, Mama na ta zuba mini ido irin na ai-na-faɗa. Rana ta uku da asuba na ji murya daga ɗakinsa, a hankali, ba nishi a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa har ya kai "Amin". Lambar ciwo a littafi ta sauko daga tara zuwa uku. Daga baya Sista ta ɗaga kashin zuwa miligiram 10, bayan mako biyu zuwa 15, kowane ƙari da dalilinsa a rubuce.

Ni aka bar wa na ƙarfe biyun dare, kuma in na ba shi barci ba ya dawo mini da wuri. A nan na riƙa karanta tarihin wannan aiki a waya. Ashe bin agogon nan da nake yi, wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders, ta tsaya kai da fata har ya zama ƙa'ida. Nas ce da farko, ciwon baya ya raba ta da aikin, ta koma jami'ar jin daɗin marasa lafiya, sannan ta shiga karatun likita ta gama a 1957 tana dab da shekara arba'in. Mai bi ce ƙwarai. A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan, gidan jinya na waɗanda magani ya gaza warkarwa, kuma a cikinsa ita ma ta rasu a 2005. Ita ce ta ce ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba: akwai na zuciya, akwai na iyali da abin da zai bari a baya, akwai na tsakaninsa da Allah, kuma duk a dunƙule suke, in ka taɓa ɗaya sauran su motsa. Sai na gane dalilin da Sista ta rubuta rashin zuwa sujada kusa da amai. Kalmar faliyatif kuwa wani likitan tiyata ne a Kanada, Balfour Mount, ya laƙaba wa aikin a tsakiyar shekarun 1970, tushenta kalmar Latin ce mai nufin mayafi. Wannan ya yi mini daɗi. Mayafi ba ya hana sanyi sauka, amma wanda ya kwana babu shi ya san bambanci. Shi kansa mofin na ruwa mai sauƙin kuɗi, wata likita Anne Merriman ta yi ta fafutukar yaɗa shi tun da ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993. Duk da haka, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa kowace shekara, kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. Na dubi kwalbar da na bar takardarta ta kwana shida a aljihu, kunya ta kama ni.

Da labari ya bazu, masu dubiya suka cika gida. Yawancinsu alheri suka kawo, ba zan manta ba. Amma akwai wata ƙungiyar addu'a da ta zo wata rana da yamma, su bakwai, suka kewaye gadon, suka ɗaga murya kusan awa guda suna tsawata wa ruhun mutuwa. Baba na kwance idanunsa a rufe, ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Da suka gama, jagoransu ya nuna kwalbar ya ce a zubar, wai ba a haɗa bangaskiya da shirin mutuwa. Daren nan sau uku na ba da ƙarin kashi. Ba na zaginsu, domin wata biyu kafin nan da ni za a yi wannan ihun. Amma ko sau ɗaya babu wanda ya tambayi mai gadon abin da yake so.

Fasto ne ya sa doka, ya kuma ɗauki baƙin jinin a kansa don kada ya faɗo a kanmu: mutum biyu-biyu, minti goma, kuma in Baba ya rufe ido an gama. Ya tuna wa dattawa cewa abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi ba su ce uffan ba, kuma ɓarnar ta fara ne ranar da suka buɗe baki. Shi kansa haka yake yi. Talata da Juma'a zai zo, ya zauna, wani lokaci rabin awa ba wanda ya yi magana. Kafin ya yi addu'a kullum sai ya ce, "Baba, me za mu roƙa yau?" Da fari amsoshin na kowa ne: lafiya, ikilisiya, jikoki.

Wata Juma'a, ina tsaye ina ninke tawul, Baba ya ce, "Ka roƙa kada in tsorata in lokacin ya yi."

Tawul ɗin ya faɗi daga hannuna. Fasto ya ce, "Wane lokaci, Baba?" Baba ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun ranar da uwarsu ta daina yi mini faɗa na sani. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa barin na ajiye takalmi a tsakar ɗaki ba, yanzu tsallake shi take yi." Ya juyo ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Kun gaji da ɓoye mini, ni ma na gaji da ɓoye muku cewa na sani." Kusan mako uku kenan kowa na kuka a ɓoye a ɗakinsa, mun bar shi shi kaɗai da maganar da ta fi kowace nauyi, muna kiran abin tausayi.

Ƙanwata ba ta yarda ba. Ta ce ai Ishaya ya ce wa Hezekiya ya kintsa gidansa zai mutu, ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Fasto ya ce gaskiya ne, kuma ba za mu daina roƙo ba. Amma Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya ba a cire ba, kuma a Getsamani roƙon a ɗauke ƙoƙon da miƙa wuya ga nufin Uba a numfashi ɗaya suka fito. Ya ce, "Ki roƙa da hannu ɗaya, ki taya shi kintsa gida da ɗayan." Ta fita tana kuka, amma washegari ita ce ta zo da biro ta rubuta abin da ya ce a yi da littattafansa da takardunsa, da waƙoƙin da yake so a rera.

Na ɗauka daga nan hankali zai kwanta, sai ga wani abu dabam. Littafi na nuna ciwo biyu ko uku, amma Baba ba ya barci. Juyi, tsaki, ya kira ni in na zo ya ce ba komai. Na roƙi Sista ta ƙara magani. Ta duba cikinsa, ta duba mafitsara ko fitsari ne ya tsaya, ta duba littafin, ta zauna da shi su biyu. Da ta fito ta ce, "Wannan ba na kwalbata ba ne. Kira Fasto."

Abin da ya fito, Baba ne da kansa ya ba ni izinin faɗa. Shekara tara da suka wuce wani magidanci a ikilisiyarmu ya yi doguwar jinya ya rasu. A lokacin jinyar Baba ya ce wa matarsa, a gaban mutane, da bangaskiyarta ta kai ƙwayar mastad da mijinta ya tashi. Yanzu ga shi kwance a irin wannan gadon, da ma'aunin da ya auna mata yana auna kansa, ya ga bai kai ba. Ko dai shi ma ba shi da bangaskiya, ko kuwa ya zalunci gwauruwa da sunan Allah, kuma duka biyun sun hana shi runtsawa. Fasto bai ce masa ba komai ba ne. Ya ce masa zalunci ne, kuma akwai gafara, kuma matar tana da rai. A daren ya karanta masa Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta. Ya ce wannan ma addu'a ce, tunda an bar ta a cikin Littafin.

Sai da aka aika sau biyu ta zo. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, ba ta ajiye ba. Baba ya faɗi abin da ya yi, da kalmomin da ya yi amfani da su, bai rage ba. Na jira in ji ta ce ai ya wuce. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Baba, shekara uku ban iya cin Jibin Ubangiji ba saboda maganar nan. Na ɗauka ni na kashe shi." Baba na hawaye, ba wanda ya share masa. Ta daɗe tana kallon hannunsa da ya rame ya yi rawaya. Sannan ta ajiye jakar a ƙasa ta kama hannun, ta ce Allah ya yafe mana duka. Daga ɗakin ta wuce wajen Mama, suka daɗe, ban san me suka ce ba. A daren sai da na tashe shi shan na ƙarfe biyu.

Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya zo da dattawa uku, bisa Yakubu 5:14, suka shafa masa mai a goshi, suka ɗora hannu, suka yi addu'a ƙasa-ƙasa. Baba ya sha yi wa wasu wannan, ranar ce ta farko da aka yi masa. Aka ba da Jibin Ubangiji. Haɗiya ta fara yi masa wuya, sai Fasto ya gutsuri gurasa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar hatsi, ya tsoma a ƙoƙon, ya ɗora masa a harshe. Sista na tsaye a bakin ƙofa, ta zo duba shi ta tarar da mu. Daga baya ta ce mini su a Katolika wannan jibi na ƙarshe suna da suna na musamman gare shi a Latin, ma'anarsa guzuri. Na faɗa wa Baba. Ya ce Katolika sun iya suna.

Rigimar ƙarshe ta abinci ce, kuma da Mama aka yi ta. A wurinta in ya ci zai rayu, don haka cokali ba ya barin hannunta. Ya karɓa don kada ranta ya ɓaci, ya ƙware, ya yi amai. Sista ta zaunar da ita ta ce ba rashin ci ne ke tafiya da shi ba, tafiyar ce ta ɗauke masa ci, kuma abin da aka ɗura da ƙarfi yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Ta koya mata wani aikin a madadinsa: a naɗe ƙyalle mai tsabta a yatsa, a tsoma a ruwa, a goge harshe da dasashi da cikin kumatu, a shafa mai a leɓe, duk bayan awa ɗaya ko biyu. Mama ta karɓi wannan aiki ta hana kowa taɓawa. Ni kuma nawa juyi ne, dama, hagu, baya, duk bayan awa biyu zuwa uku, da matashi tsakanin gwiwoyi, ina duba ƙugu da diddige ko fata ta fara ja. Ranar farko da na yi masa wanka a kan gado na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Kai, na wanke ka fiye da haka." Har ya tafi gyambo ko ɗaya bai fito masa ba, kuma ina alfahari da wannan fiye da takardun makarantata.

Sista ta faɗa mana abin da zai zo tun bai zo ba, wannan ne ya hana mu firgita. Barci zai yi yawa. Fitsari zai ragu ya yi duhu. Ƙafafu za su yi sanyi, gwiwoyi su yi dabbare-dabbare. Numfashi zai riƙa tsayawa na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo. Maƙogwaro zai yi ƙara saboda yawun da ba ya iya haɗiyewa, kuma ƙarar ta fi damun mai ji a kan mai yi. Duk sun zo, kusan a jere. Da haɗiya ta gagara sam, ta mayar da mofin allura a ƙarƙashin fata, rabin abin da yake sha ta baki, ta ce ba a yanke shi don mutum ya daina magana. Ta ƙara wata allurar mai rage yawu, muka kwantar da shi a gefe. Ta ce mu ci gaba da yi masa magana, ana kyautata zaton ji ne ke ƙarshen tafiya.

Ranar Laraba Fasto ya karanta Zabura 121, ya ɗora hannu a kansa ya miƙa ruhunsa ga wanda ya ba shi. Kafin ya tafi ya ce mana wani lokaci yana da kyau iyali su sallami mutum da bakinsu. Ni na faɗa, ƙanwata ta faɗa. Mama ta ce ita ba za ta iya ba, kuma babu wanda ya matsa mata.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a ƙasa na jingina da bango, Mama tana goge masa baki. Ba ta san idona biyu ba. Na ji ta ce, "Malam, kullum kai ne mai sa mutane jira. Ka je. Yaran sun girma, ni ma ba zan ɓata ba." Ta ci gaba da gugar leɓensa. Wajen ƙarfe biyu da kwata na rana numfashin ya tsaya kamar yadda ya saba tsayawa, muka jira ya dawo. Ƙanwata na riƙe da ƙafarsa. Kwana arba'in da ɗaya kenan daga ranar da Sista ta fara shigowa gidan. Na tambaye ta daga baya ko maganar Mama ce ta sake shi. Ta ce ta ga waɗanda aka sallama suka ƙara mako, ta ga waɗanda suka tafi ana tsaka da riƙe su.

Bayan kwana goma na mayar da ragowar mofin, domin magani ne da ake lissafinsa, ba a barin sa a gida. Sista ta ɗaga kwalbar ta duba layin, ta buɗe littafin ta bi shafi-shafi da yatsa, ta sa hannu, ni ma na sa. Ta miƙo mini littafin ta ce nawa ne. Har na miƙe sai ta ce, "Mama tana barci?" Na ce a'a, ƙarfe biyun dare take tashi ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Kai fa?" Ban amsa ba. Ta jawo kalandarta ta zagaye Talata, ta ce in gaya wa Fasto, in da hali su zo tare.